Gidan Tubali a Unguwar Siminti

Na karanta tarihin dauloli gwargwadon littattafan da malamin firamare ke iya samu ko arowa, na kuma koyar da shi shekaru masu yawa ga yaran da rabinsu ke gyangyaɗi, kuma abin da na tsinta a ciki bai wuce wannan ba: duk yaƙe-yaƙen da aka gwabza, da ganuwar da aka gina, da tsarin mulkin da aka rubuta aka yage aka sake rubutawa, manufarsu guda ce, wato mutum ya sami bangon da zai kafa wa ƙusa ya rataya rigarsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Wanda bai taɓa zaman haya ba zai ɗauka raha nake yi. Wanda ya taɓa kuwa ya san yadda ake buga ƙusa a hankali, a naɗe kan guduma da tsumma, don kada mai gida ya jiyo.

Ni a Bauranya aka haife ni, a gidan malamai, inda rabin yini karatu ne rabi noma, kuma har na yi wayo ban taɓa jin an ce wani yana biya don ya kwana a ɗaki ba. Idan saurayi ya isa ajiye iyali, mahaifinsa zai ɗauki goro ya je wajen mai unguwa. Mai unguwa ya fito da sandarsa, ya taka daga gindin wata bishiya zuwa wata, ya ce daga nan zuwa nan, a yi fatiha, shi ke nan an gama maganar fili. Da an kammala shigo da amfanin gona sai garin ya koma amon gini. Da hantsi za ka ji caɓal-caɓal ɗin ƙafafu cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, da kukan jakunan da ke kawo ruwa, da muryar magini daga bisa bango yana neman a miƙo. Ana mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera su a rana kamar jama'ar da ke jiran liman. Ba zan yi wa zamanin ado ba. Soro yana yoyo idan aka yi masa sakaci, gara tana cin azara, kuma kowace shekara sai an sake yaɓe, aikin da muka ƙi jini saboda yana faɗowa daidai lokacin da ake kokawa a dandali. Amma ban san mutum guda a garinmu da ya rasa wurin kwana don ba shi da hanya a ofis ba. Yau kuwa ina ganin samari da digiri suna bin dillalai a kan babur daga unguwa zuwa unguwa, ana nuna musu ɗakin da ko akuyar kakata ba za ta yarda da shi ba, suna godiya.

Ina makarantar firamare aka raba mana tutoci aka ce ƙasar nan ta zama tamu. Na ruga gida na gaya wa mahaifina. Ya ɗago daga allon da yake rubutu ya ce, da ta wa ce? Amsar ta zo mini ne bayan na zama malami a Kankiya, lokacin da shekarun mai suka shigo. Mu ba mu ga man ba, abin da ya haifa muka gani: babura, rediyo mai kaset, da rufin kwano mai ƙyalli da ke kashe wa matafiyi ido tun daga nesa. Sai kuma wani sabon ra'ayi da ya shigo tare da su, cewa ginin ƙasa alamar ci baya ne, abin da mutum zai ɓoye wa baƙo kamar yagaggen wando.

A cikin waɗannan shekarun mahaifina ya rasu. Gidan da muka tashi a ciki na gandu ne, nasa da na 'yan'uwansa, don haka da Inna ta gama takaba sai ta tattara kwanukanta ta koma gidan ƙanenta, Kawu, wanda shi ne maginin da duk yankinmu ke ji da shi. Ya share mata ɗakin da yake ajiye kayan aiki, ya riƙe ta da mutunci, ba ta rasa komai ba. Ni kuwa ina ɗaki guda na haya a Kankiya da matata. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma yi mini magana ido da ido. Idan tana da saƙo sai ta gaya wa wanda ke kusa, ni kuma in tsinta. Wata rana na je gaishe ta, ina tsugune a bakin ƙofa, sai ta dubi matar Kawu ta ce, "Kin ga bakin rariyar can? Da nan wurina ne da na dasa zogale. Amma ni ban dasa abu gidan mutane." Na hau kekena na koma Kankiya, kuma ban tuna ko ramin hanya guda da na kauce wa ba.

Ba a daɗe ba aka yi shela cewa an yanka sabuwar unguwa a bayan gari, wajen hanyar da ke fita Kafinsoli, kuma kowa na iya neman fuloti, mai kuɗi da talaka, ƙuri'a ce za ta raba. Har gobe ina yaba wa wanda ya tsara haka, domin a gaban idonmu aka zuba takardu cikin ƙwarya aka jujjuya. Na sami fuloti. Wani tela ya samu a damana, wani masinja a haguna, mai gyaran keke a bayana. Muka yi ta yi wa juna barka kamar waɗanda suka dawo daga Makka. Sai da na isa ɗakina na juya bayan takardar fulotin da aka ba ni. Da ƙananan baƙaƙe aka rubuta cewa dole a gina wurin cikin shekara biyu, da bulon siminti da rufin kwano, bisa zanen da ofis ya amince da shi. Wanda ya kasa, a karɓe fulotin a ba wanda zai iya.

Siminti kuwa a lokacin labarinsa ake ji. Rediyo na cewa jiragen ruwa sun yi layi a teku maƙare da shi, amma daga teku zuwa Kankiya akwai tafiya, kuma ɗan abin da ke isowa yana da masu shi tun bai sauka daga mota ba. Na bi layi ranakun Asabar har masu dako suka san ni suna kirana Malam Sai-wani-mako. A cikin shekara da rabi buhu biyu na samu. Tela ya fara sallama nasa fulotin. Masinja ya bi. Na lura kuma duk wanda ya saki, hannu ɗaya ko biyu ne ke cafewa. Akwai wani ɗan kwangila mai fara'a da ya ɗauki ɗabi'ar tare ni bayan sallar Juma'a.

"Malam, ina gajiya? Ya ɗalibai? Ya kuma fulotin namu, da sauƙi dai?"

Haka yake tambaya, kamar mai duba marar lafiyar da yake sa ran gado. A nan na gane cewa ƙuri'ar nan ta gaskiya ce, amma an sa mata rariya a ƙasa. An ba kowa ƙofa, aka kuma yi dokar da za ta tace wanda zai zauna a ciki, ba tare da wani ya ɗaga murya ko ya yi abin da za a kira zalunci ba. Na rubuta takardun koke uku da Turancin da na fi ji da shi, har da kalmomin da sai da na duba ƙamus. Aka amsa ɗaya, aka ce ana duba lamarin.

Da ya rage wata huɗu wa'adi ya cika, na naɗe zanen gidan na hau keke zuwa Bauranya. Na tarar da Kawu a inuwar zaurensa yana gyara ƙotar fartanya.

"To, Malam ɗan boko, mi ke tahe da kai da tsakar rana?"

Na shimfiɗa masa zanen a kan tabarma, na danne gefensa da takalmana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa.

"Wanga mi ne ne?"

"Falo ne, Kawu. Nan baƙi za su zauna."

"Cikin gida?"

"Cikin gida."

"Ina zauren?"

"Babu zaure a zanen."

"Katanga hwa?"

"Sun ce furanni za a shuka."

Ya matsar da yatsansa. "Wanga ɗan ƙaramin?"

"Makewayi ne."

"Jikin ɗakin kwana?" Ya dube ni don ya tabbatar ba wasa nake yi ba. Ya naɗe takardar a hankali ya miƙo mini. "Wanda ya zana wanga, shina da uwa?"

"Ina jin yana da ita, Kawu."

"To ba da ita yake zaune ba."

Na ce masa ba zanen na zo ya gina mini ba. So nake ya yi mini gida irin wanda ya iya, da tubali, a kan fulotin nan, kafin ruwa ya sauka.

"Dokar taku hwa?"

"Ni zan tsaya wa doka, kai ka tsaya wa bango."

"Idan suka rushe?"

"Sai su rushe gida. Ya fi su karɓe fili ina tsaye ina kallo."

Ya dubi wajen ɗakin Inna, sannan ya ce in je in nemi gero da goro, shi zai nemi mutane.

Gayya aka yi, irin wadda na ɗauka ta mutu. Mutanen Bauranya suka zo a ƙasa da kan jakuna, wasu daga garin Ƙofa waɗanda mahaifina ya karantar da iyayensu, suka sauka a unguwar da ba a taɓa jin ganga ba sai ƙarar injin buga bulo. Kawu ya zaga har ya sami jar ƙasar da ta yi masa a wani kududdufi, ya ɗanɗana ta a harshe kafin ya yarda. Aka kwaɓa da ciyawa, aka bar ta ta kwana biyu tana tsima, aka sake takawa. Fulanin da ke kiwo a bayan unguwar suka ba mu tattaka da kashin shanu na yaɓe, matansu kuma suka gano cewa inda maza arba'in ke aiki akwai kasuwar nono, sai suka mayar da gindin wata ɗorawa rumfarsu. Ni ma na tuɓe rigar malanta na shiga kwaɓi. Ɗalibaina suka riƙa ratsowa ta wurin don su ga ƙafafun Malam, waɗanda a zatonsu da takalmi aka haife su.

Abin da ba na mantawa shi ne Kawu a bisa bango. Yana zaune a kai kamar mai hawan jaki, ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa, caf, caf, ba ya ko duba hannunsa, yana dasa kowane a cikin laka yana ja da baya. Ba shi da igiyar awo, ba shi da ma'aunin ruwa. Idan yana shakkar miƙewar bango sai ya sauko ya koma nesa ya rufe ido ɗaya. Zaure ya fara yi, domin a wurinsa gida daga zaure yake farawa, sauran duk bayani ne. Sannan katanga, sannan ɗakin Inna yana kallon gabas, sannan namu. Gindin bangon ya kai kamu biyu, yana tafiya yana sirancewa. Masu wucewa a mota suna rage gudu su yi kallo. Wani ma'aikaci da ke gina bene a can gaba ya aiko a tambaya ko rumbu muke yi.

Da aka ɗora azara aka yi rufi, sai tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya kawo mini dabara irin ta 'yan boko. Na jawo Kawu gefe na nuna masa buhunan simintina biyu.

"Kawu, da za ka shafe fuskar gidan da wannan, ka ja layi-layi kamar bulo. Daga titi ba mai ganewa."

Ya dube ni kamar na ce ya yi sallah ba alwala.

"Shekara talatin ina gini, ban taɓa sa ma bangona rigar aro ba. Kai da ka ce za ka tsaya ma doka, ashe ɓuya za ka yi?"

"Ba ɓuya ba ne, hikima ce."

"Kai ka san sunanta. Kawo simintin in yi ma Yaya daɓen wurin wanka, kada santsi ya kada ta."

Can simintin ya tafi. Fuskar gidan kuwa makuba ya shafa mata, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, ta fito ja-ja-wur tana sheƙi, ta yadda ko makaho ya shafa zai san ƙasa ce.

Ban aika a ɗauko Inna ba, domin niyyata sai an zo an duba an gama. Ita ce ta zo da kanta a motar kasuwa, da tukwanenta da turminta da kaji uku a kwando. Ta wuce ni a zaure kamar ba ta gan ni ba, ta ce da matata, "Ki gaya ma wancan, in rushewa za a yi, a rushe ina ciki. Na gaji da gaida masu gida." Kafin la'asar ta dasa zogalenta.

Ranar da mai duba gini ya zo, da hantsi ne, a kan babur, da fayil a ɗaure a baya da tef ɗin awo a aljihu. Mutanen unguwa Mai'awo suke kiransa. Saurayi ne da bai fi ni shekaru ba, mai tsabta, mai kama da wanda bai karya kumallo ba. Ya kashe babur ya tsaya yana kallon gidan, ya duba takarda, ya sake kallon gidan. Kawu, wanda ya kwana biyu a wurinmu yana jiran wannan rana, yana zaune a dakali.

"Malam, wannan ne fulotin?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ina ginin?"

"Ga shi kana jingine da shi."

Ya janye kafaɗarsa daga bangon ya kaɗe. "Malam, kai mai ilimi ne. Ka karanta sharaɗin. Idan na rubuta an gina, na yi ƙarya, domin a takarda wannan ba gini ba ne. Idan na rubuta an saɓa zane, za a turo a rushe. Me kake so in yi?"

Na shirya wa wannan tambaya tun wata huɗu, har na gwada jawabin a gaban allo bayan an tashi yara. Na ce masa doka baiwa ce ga manufarta, kuma manufar wannan doka ita ce mutane su sami gida mai ƙarko. Na ce masa a birnin Katsina akwai hasumiyar ƙasa da ta ga sarakunan da ba a iya ƙirgawa, ba ta taɓa jin warin siminti ba. Na ce an tara mu an ce talaka da mai kuɗi ɗaya ne a gaban ƙwarya, sannan aka ɗora sharaɗin da ba a sayar wa talaka abin cika shi, ya nuna mini tela, ya nuna mini masinja, ina suke? Na ce idan gwamnati na son ta ga bulo, ta kawo siminti kasuwa kowa ya saya, idan kuwa gida take son gani, ga gida. Na yi magana har jijiyar wuyana ta tashi. Ya saurara da ladabi irin na wanda ya sha jin malamai.

Kawu ya tashi. Ya taka zuwa fulotin da ke damanmu, wanda a da na tela ne, ya ɗauko bulo guda daga waɗanda aka jibge, ya kuma ɗauko ragowar tubali guda daga bayan katangarmu. Ya ɗaga su daidai ƙirji ya saki. Bulon ya watse kamar ƙuli-ƙuli, domin wanda ya buga shi ya fi ƙaunar yashi. Tubalin ya gangara ya tsaya a gaban babur.

"Yaro, wanne ne ba gini ba?"

"Baba, ni ba ni na yi dokar ba."

"Na sani. Wanda ya yi ta bai zuwa rana."

A nan muka ji motsi a bayan ƙofar zaure ta ciki. Matata ta miƙo ƙwaryar fura, muryar Inna kuma ta biyo bayanta, ba tare da ta fito ba.

"A ba baƙo ruwa. Yaro, sannu da rana. Kai ɗan ina ne?"

Ya rusuna, ko da yake ba ta ganinsa. "Ɗan Ƙofa ne ni, Inna."

"Gidan wa?"

Ya faɗi sunan gidan.

"Ai na san gidanku. Mai ƙofa yamma, kusa da rijiya. Tsohuwarka na nan?"

"Tana nan, Inna."

"Cikin ɗakin simintin da ka yi mata?"

Kawu ya duƙa yana gyara takalminsa don kada a ga bakinsa.

"Ka gaishe ta," in ji Inna. "Ka ce mata wata tsohuwa ta samu wurin zama, kai ɗanta ka zo aunawa."

Ya karɓi furar ya zauna a dakali ya sha, a hankali, har ƙasan ƙwarya. Ya shiga zauren ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallon yadda aka jera azara, na ga ya ja numfashi saboda sanyin wurin. Bai fito da tef ɗinsa ba. Ya buɗe fayil a kan sirdin babur, ya daɗe biro na tsaye a hannunsa, sannan ya rubuta layi biyu ya rufe.

"Me ka rubuta, ranka ya daɗe?"

"Abin da na gani, Malam. Ba wanda zai taɓa ka."

Ya tayar da babur ya tafi, kuma gaskiya ya faɗa. Wa'adi ya cika ba wanda ya zo. Damina ta sauka, indararo suka yi ta zuba, bango bai ko tsage ba. Ɗan kwangila ya daina tambayata lafiyar fuloti, daga baya ma ya daina ganina. Mai gyaran keke da ke bayana, wanda ya riga ya yanke ƙauna, ya je ya ɗauko Kawu shi ma. Inna ta yi damina goma sha ɗaya a ɗakinta, tana ba maƙwabta masu bene ganyen miya ta kan katanga, a ciki kuma Allah ya karɓi abinsa, a kan gadonta, ƙofarta na kallon gabas. Ba ta taɓa ce mini an gode ba. Ta dai taɓa gaya wa matata, ina jin ta, cewa wancan ba laifi.

Na haifi 'ya'ya tara a gidan nan, na aurar da su daga zauren nan. Shekara da shekaru kuma ina ba da labarin ranar a aji, da wurin ɗaurin aure, da duk inda aka yi kuskuren ba ni dama. Ina cewa hujja idan ta tsaya da ƙafarta, ko gwamnati sai ta rusuna. Ina cewa ni ne mutumin da ya sa hukuma ta amsa da bakinta cewa ginin ƙasa gida ne. Har yanzu kuma ban janye rabin maganar ba. Duk tsarin gidaje da zai fara da tambayar abin da talaka ba shi da shi, maimakon abin da ke hannunsa da abin da ya iya, to ba don shi aka yi ba, ko da an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a saman takardar. Ina gaya wa samarin yau masu jiran a gina musu gidaje masu rahusa cewa na ga irin waɗannan alkawuran sun zo sun wuce, na kuma ga waɗanda suka ƙare a cikin gidajen. Su nemi haƙƙinsu da ƙarfi, su je ofis su dame shi, amma kada su sallama taƙi guda da ya shigo hannunsu don an ce musu abin da za su iya ginawa bai kai a kira shi gida ba.

Bara 'yata ta uku, wadda ta gaji taurin kaina ta ƙara da nata, ta ce ba za ta bari in mutu in bar musu gida ba cikakkiyar takarda ba. Ta sa ni a mota muka je ofis. Na sa babbar riga, domin a raina zan je in ga rubutacciyar shaidar nasarata ne. Wani akawu mai haƙuri ya yi kwana uku yana tono kafin ya fito da fayil ɗin, ya yi ja, gefensa duk cin gara. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

"Baba, ai kai wa'adi aka ƙara maka. A dokar lokacin, wanda aka tarar ya tara kayan aiki a filinsa ba a karɓewa, ana jira sai an sake zagayowa dubawa. To ba a sake zagayowar ba."

Na ce ya ba ni in gani da idona. Na sa tabarau. Rubutun Mai'awo ne, mai tsabta, layi biyu: "Ba a fara gini ba tukuna. An tarar da tarin ƙasa a wurin."